Guɗar Dela a Zauren Turawa

Duk wanda ya zauna a unguwar Ruwais ta Jidda a shekarun nan ya san Dela mai guga, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, mai tsage uku-uku a kumatu, kuma ba a taɓa ganinta a tsakiyar hanya ba. Jikin bango take bi, ƙunshin wanki a ka, ido a ƙasa. In ta yi maka magana sai ka matso da kunne. Mutane suna cewa kunya ce ta yi mata yawa. Ina kunya! Tsoro ne tsagwaronsa, kuma tana da dalilinta.

'Yar wani ƙauye ce a gabashin Gumel. Ubanta, Garba mai algaita, shi ke yi wa dagacin garinsu busa duk yammacin Alhamis. Ita kuwa tun tana ƙarama Allah ya ba ta maƙogwaro. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har ƙauyen gaba sai an san an yi haihuwa ko an ɗaura aure. Ta auri wani masassaƙi mai suna Na'ibi, suka kama hanyar Makka a ƙasa kamar yadda talakawa ke yi a lokacin. Shekara huɗu suna tafe. Sun tsinci auduga a Sudan, sun yi dako, sun yi jinya, har suka kai Suwakin. Daga can wani jirgin ruwa na 'yan fasa-ƙwauri ya tsallako da su, ya juye su a wani rairayi kudu da Jidda, inda babu ofis balle mai buga hatimi. Suka sauke farali. Shekara na zagayowa zazzaɓi ya kwantar da Na'ibi kwana shida, ya tafi ya bar ta da cikin wata bakwai. Abin da ta haifa shi ne Zaituna.

Ke nan Dela ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ba ta taɓa samunta ba. Wanda ba shi da ita kuwa, motar kame ce ajalinsa. Wata babbar mota ce mai raga a baya, tana tsayawa a bakin kasuwa ko a kan kwana, a tare mutane a ce kowa ya fito da takardarsa. Wanda ya rasa a jefa shi ciki, ya yi 'yan kwanaki a tsare, daga nan sai jirgin ruwa.

Ba komawa gida take tsoro ba. Wallahi da Gumel kusa ce da ta tafi da ƙafarta. Abin da ke hana ta sakewa shi ne abin da ta gani da idonta ya sami wata maƙwabciyarsu, wadda ta fita sayen burodi da safe ta bar yara biyu a kan tabarma. Motar ta ɗauke ta a ƙofar gidan burodin. Ta yi ta ihu tana cewa tana da 'ya'ya, ba wanda ya saurare ta, don kowa a motar abin da yake faɗa ke nan. Yaran suka zauna a bakin ƙofa har rana ta faɗi, ƙaramin yana riƙe da kofin shayinsa. Maƙwabta ne suka raine su. Tun daga ranar Dela ta ƙudurce abu ɗaya a ranta, kada a wayi gari Zaituna ta dawo daga makaranta ta tarar da ɗaki wayam.

Shi ya sa ta koyi ɓacewa da rana tsaka. Ba ta shiga babbar kasuwa, ba ta sa zane mai ɗaukar ido, ba ta faɗa da kowa ko an taka ta. Guɗa kuwa ta binne ta. Shekara goma sha ɗaya ana biki a Ruwais, Dela na gindin tukunya tana tuƙa tuwo, tana jin wata mai muryar gwangwani tana ɓata guɗa, maƙogwaronta na ƙaiƙayi, amma ko uffan. Mastura kaɗai ta san tana iyawa. Ita ce Bahaushiyar Sudan da ke riƙe da gidan hayar da suke ciki, kuma ita ta karɓi haihuwar Zaituna.

Aikinta na ƙarshe a gidan wani injiniya ne ɗan Italiya, da ke aikin gina tashar jiragen ruwa. Direbansa Abdulghani ne ya kai ta. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo daga Katsina, yana da takardunsa cif, kuma Hausarsa rabi Larabci ce. Khala yake ce mata, wato 'yar'uwar uwa da Larabci. Don wanki da guga aka ɗauke ta, ba wanda ya tambaye ta takarda. Daga baya aka ƙara mata da kula da uwar injiniyan, wata tsohuwa da ƙafafunta suka mutu, ana tura ta a keken guragu. Tsohuwar ba ta jin Larabci, Dela ba ta jin Italiyanci, amma jininsu ya haɗu. In ba Dela ce ta ɗaga ta ba, sai ta yi ta duka da sandarta.

Wannan shaƙuwar ce ta jawo abin da ya faru a shekarar 1969.

Wasu makaɗan Turawa su ashirin da wani abu suka yada zango a Jidda a kan hanyarsu ta zuwa wata ƙasa. Da yake ba a yin irin wannan taro a fili, sai aka shirya musu wasa a zauren wani kamfani mai katanga a kan hanyar Abhur, bayan la'asar, a gama kafin magariba. Tsohuwa ta ce sai ta je. Madam, matar injiniyan, ta ce to sai dai Dela ta bi ta tura keke.

Da Abdulghani ya gaya mata, sai ta shiga roƙonsa.

"Ɗan nan, ka ce musu ba ni da lafiya."

"Haba Khala Dela, me za a yi miki? Cikin mota za ki shiga, cikin mota za ki fito. Turawa ne zalla, su kam ko iƙamar jaki ka nuna musu ba su ganewa. Yalla, ɗauko mayafinki."

Ta ɗauko. Tun a ƙofar kamfanin ta fara da-na-sani, don 'yan sanda biyu ne a tsaye da bindiga. Ɗayansu ya leƙo ta taga, ya dubi injiniya, ya dubi tsohuwa, idonsa ya bi ta kan Dela kamar yadda ake bi ta kan buhu. Ya ɗaga hannu suka wuce.

Zauren sanyi ƙalau, kujeru jere reras, mutum kusan ɗari biyu. Ta so a ce ta ajiye tsohuwa ta koma mota. Ina! Saboda keken sai aka kai su sahun gaba, can gefe, aka dire wa Dela wata 'yar kujera kusa da ita. Mace mai bin jikin bango, yau ga ta a gaban kowa, ita kaɗai baƙa, ita kaɗai mai lulluɓi.

Abdulghani ya kawo wa tsohuwa bargon ƙafa. Da ya sunkuya zai shimfiɗa, ta ga fuskarsa ta canja. Ya yi magana ta gefen baki.

"Khala, kada ki waiga. Kujera ta huɗu daga hannun damanki, mai kaki, mai anini a kafaɗa. Babba ne a ofishin takardu. Sai ya sa hannu ake cika jirgi. Wallahi ban san zai zo ba. Ki zauna kamar dutse, in an gama mu fice."

Ya tafi ya bar ta. Ba ta waiga ba, amma wutsiyar ido ba ta jin magana. Ta hango takalmi baƙi mai sheƙi, da hannu mai zobe a kan gwiwa, yatsu na ɗan motsi. Ta ja mayafi ta rufe tsagenta. Ta fara karanto duk addu'ar da ta sani, ta ƙare, ta sake daga farko. A lokacin nan Zaituna na makarantar wata malama a bayan gidansu, inda ake koya wa 'yan mata karatu da ɗinki, kuma in an tashi kai tsaye ɗaki za ta nufa ta jira uwarta.

Makaɗan suka fito, maza da mata, duk cikin baƙaƙen kaya kamar masu zaman makoki. Yawancinsu goge ne a hannunsu, sai dai a ƙarƙashin haɓa suke maƙale shi. Wasu kuma nasu gogen ƙato ne, sai an rungume shi tsakanin gwiwoyi. Wani tsoho mai farin gashi ya fito da sanda siririya kamar tsinken tsire, ya rusuna, sannan ya juya wa manyan baƙi ƙeya. Dela ta ce a ranta, yau ga rashin kunya, kuma ba wanda ya ce masa kanzil.

Sai ga wani ɗan siririn mutum mai sanƙo ya fito ya tsaya a gaba, taku biyar tsakaninsa da ita. Abin da ke hannunsa ya sa ta manta da addu'ar da take yi. Algaita ce. Baƙa, siririya, an yi mata ado da maɓallan azurfa, bakinta bai buɗe kamar na gida ba, amma algaita ce. Daga baya Abdulghani ya ce mata wai obo suke kiranta. Mutumin ya zare ɗan karan bakinta, ya sa a baki ya jiƙa shi da miyau, ya mayar, ya ɗan murza. Haka Garba yake yi, haka sak, har da ɗan karkata kan nan.

Aka fara. Gogen nan suka tashi gaba ɗaya kamar mutum guda, sannan algaitar ta shigo ta bisansu, tana gudu tana tsalle. Dela ta zuba wa mai busar ido. Bai kumbura kumatu ba, abin da ya ba ta mamaki ke nan. Leɓe ya datse, iskar ta taru a kansa, fuskarsa ta yi ja, jijiyar goshinsa ta miƙe. Ita da ta tashi a gidan busa ta san abin da hakan ke ci a jikin mutum. Ta kama kanta tana ja masa numfashi.

Ya kai ƙarshe, ya sauke. Kiɗa ya tsaya cak.

Shiru.

Dela ta jira. Ba tafi, ba kirari, ba wanda ya ce madalla. Mutum ɗari biyu sun yi zuru, wani ya yi tari, wata ta gyara zama. Mai busar ya zaro hankici ya share sanƙonsa, idonsa a ƙasa. Kai! Wane irin mutane ne waɗannan? Bawan Allah ya kusa fasa jijiyarsa a gabanku, ku rasa mai buɗe baki?

Ba ta san al'adarsu ba ce, kuma wa zai gaya mata? Su a wurinsu waƙar kashi uku ce, ba a tafi sai an kai ƙarshen na ukun, shirun nan girmamawa ne. A garinsu Dela kuwa shiru ma'anarsa ɗaya. Ba a ce wa mai busa an sallame ka. Shiru ake yi masa.

Tana 'yar shekara goma sha huɗu aka naɗa sabon dagaci, wanda ya zo da nasa mai busar daga dangin uwarsa. Ranar Alhamis Garba ya je ƙofar gida kamar kullum, ya yi take na farko. Ba wanda ya leƙo. Ya yi na biyu, ba guɗa daga cikin gida, ba yaron da aka aiko da goro. Mutanen da ke zaune a gindin bishiyar bedi suka sunkuyar da kai. Dela na bayan zana tana leƙe, ta kai hannu hanci, uwarta ta toshe mata baki ta ce so kike a kore mu daga garin? Garba ya yi take na uku shi kaɗai, ya sa algaitarsa a hammata ya dawo gida. Bai ci tuwo ba ranar, bai kuma sake busa ba har ya mutu.

Mai sanda ya ɗaga tsinkensa, aka shiga kashi na biyu. Wannan a hankali yake. Gogen suka yi ƙasa-ƙasa, algaitar ta ja wata murya guda ɗaya, doguwa, ta yi ta janta har Dela ta ce yanzu zai faɗi. Bai faɗi ba, ya lanƙwasa ta ya gangaro da ita. Ba take ba ne, ba kirarin kowa ba ne, kuka ne kawai irin na wanda ya gaji da kuka. Tsohuwa ta laluba ta kama hannun Dela, hawaye na bin tamojin fuskarta. Dela ma ta ji nata na zuba a cikin mayafi. Ta tuna rairayin Sudan, ta tuna Na'ibi yana rawar sanyi a kan tabarma. Tsoron nan bai tafi ba, yana nan zaune a kujera ta huɗu, amma wani abu ya taso ya danne shi.

Muryar ta sirance, ta sirance, ta ɓace. Mutumin ya sauke algaitar a hankali. Ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya ɗago ido ya dubi mutane.

Suka sake yi masa shiru.

Har ta mutu Dela tana rantsuwa ba ita ta ɗaga hannun ba. Ta dai ji yatsu a hancinta, ta ji kanta ya ɗaga sama.

"Ayyururuuuiii!"

Guɗar shekara goma sha ɗaya ce ta fito a lokaci guda. Ta daki rufin zauren ta dawo. Wata Baturiya a baya ta ƙwalla ƙara, ta zaci gobara ce. Mai sanda ya daskare da hannu a sama. Kawuna ɗari biyu suka juyo. Madam ta yi jawur har wuya, injiniya ya rufe fuska da takardar da ke hannunsa. Tsohuwa kuwa ta ƙyalƙyale da dariya tana buga sandarta a ƙasa.

Kafin ƙarar ta gama mutuwa Dela ta san abin da ta aikata. Ta waiga, wannan karon ta waiga sosai. Mai anini ya sunkuyo gaba, ya leƙo ta gaban mutum uku, yana kallonta ido cikin ido.

Kashi na uku ko sauti ɗaya ba ta ji ba. Ta dubi ƙofa, tana can ƙarshen zaure, bayan sahu goma sha biyar, da 'yan sanda a bayanta. Ta ji fitsari na neman ƙwace mata. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Lissafi ɗaya take yi, yanzu an tashi su Zaituna, yanzu ta kai gidan burodi, yanzu ta tura ƙofa.

Aka gama. Sai ga zauren ya ɓarke da tafi kamar ruwan sama a kan kwano, mutane har da miƙewa tsaye, mai busar na ta rusunawa. Ashe suna tafi. Ashe ba wulaƙanta shi suka yi ba, lokacinsu ne bai yi ba. Inna lillahi! Ta kashe kanta a banza, don ceton mutumin da ba ya neman ceto.

Ta damƙi keken ta fara turawa da sauri, tsohuwa na mita. Sun fito tsakar gidan, inda aka jera lemo a kan tebura, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Saura taku ashirin su kai mota, takalmin nan mai sheƙi ya tsaya a gaban tayar keken.

"Ke ce mai guɗar, ya Hajja?"

Da Larabci ya yi maganar, kuma murmushi yake yi. Dela na jin Larabcin kasuwa. Ta gyaɗa kai.

"Wallahi rabona da jin irinta tun bikin yayata a Makka. Ke kaɗai ce mai rai a zauren nan, saura kaɗan barci ya kwashe ni. Yaya sunanki?"

"Dela, ya sidi."

"Dela. Wane ne kafilinki?"

Kafili shi ne wanda ya tsaya wa baƙo, sunansa ke kan takardarsa. Mai yiwuwa mutumin ba da wata manufa ya tambaya ba. Bakinsa ne ya saba, yadda wani zai ce ina gajiya. Amma injiniya na tsaye a gefe, kuma shi ma yana da abin da yake tsoro. Ya ɗaga hannu biyu, ya ce da guntun Larabcinsa, "Ni ban sani ba. Direba ya kawo ta. Ni ban san komai ba."

Murmushin ya ɗauke daga fuskar mai anini. Ya dubi injiniya, ya dawo da ido kanta.

"Ina iƙamarki?"

Shekara goma sha ɗaya tana shirya amsar wannan tambaya. Na bar ta a gida, tana wurin maigida, ana sabunta ta. Ko ɗaya ba ta zo mata ba. Abin da ya zo mata yaron nan ne mai kofin shayi a bakin ƙofa. Ta durƙusa, ta kama ƙafar wandonsa.

"Ba ni da ita, ya sidi, ban taɓa samu ba. Ku tafi da ni, na yarda, ba zan yi gardama ba. Amma ina da 'ya. Don girman Allah a biya a ɗauko ta, a sa mu jirgi ɗaya. Ruwais, bayan gidan burodin ɗan Yaman, lungu na biyu, ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, gidan Mastura. Ɗaki na ƙarshe kusa da randa. Sunanta Zaituna, shekararta goma, tana da tabon ƙuna a hannun hagu."

Abdulghani ya iso da gudu, yana magana da Hausa ta cikin haƙora. "Khala, yi shiru! Khala, halas, rufe bakinki!"

Ba ta ji shi ba. Tsoronta kada mutumin ya manta, don haka ta sake maimaita masa tun daga gidan burodi har randa, a hankali, dalla-dalla.

Turawa sun kewaye su da kofunan lemo a hannu. Mai anini ya dubi hagu ya dubi dama, kunya ta kama shi, ga mace a durƙushe tana riƙe da wandonsa a gaban baƙi. Ya ja ƙafarsa baya.

"Tashi, ya Hajja. Ba nan ne wurin wannan maganar ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juya ya nufi motarsa.

A bakin ƙofar gidansu Madam ta sallame ta, ko ciki ba a bari ta shiga ba. Tsohuwa ta riƙe mata zane tana ihu da yarensu har sai da ɗanta ya janye keken. Abdulghani ya ce zai sauke ta a Ruwais. Sun yi nisa sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Khala, mutum nawa ne a gidan Mastura?"

Ta ƙirga a ranta. Mutum ashirin da uku ne. Huɗu ne kawai masu takarda. Sai a lokacin ta gane abin da ta miƙa wa mutumin da hannu biyu, har sau biyu.

Ita da kanta ta gaya wa Mastura, ana kiran sallar isha'i. Mastura ta ajiye butar da ke hannunta, ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Guɗa? Ke Dela? Shekara nawa ina roƙonki ki yi wa 'yata guɗa ranar aurenta kika ƙi, sai Bature? Kin kashe mu, 'yar'uwa. Allah ya isa ban ce ba, amma kin kashe mu."

Kafin azahar ɗin washegari gidan ya zama kango. Wasu suka tafi Khumra wurin 'yan'uwansu masu aiki a garejoji, wasu suka nufi Makka, wata mai jego ta fita da jariri ɗan kwana tara a cikin kwando. Ba wanda ya zage ta. Wucewa suke yi ta ƙofar ɗakinta da kayansu a ka, ba sallama, kuma da sun zage ta da ya fi mata sauƙi.

Abdulghani ya dawo da shawara, kuma shawara ce ta hankali. "Ki ba ni Zaituna in kai ta wurin ummina. Muna da takarda, za a ce 'yar yayata ce. Ta ci gaba da karatunta. Ke kuma ki ɓuya a Khumra har abin ya lafa."

Dela ta dubi yarinyar, tana tsugune tana ninke ɗan ƙyallen da take koyon ɗinki a kai.

"Wato in raba mu da hannuna, don kada su raba mu?"

"Khala, na 'yan kwanaki ne."

"Waccan maƙwabciyar tamu ma burodi ta je saye, na 'yan mintoci. A'a, ɗan nan. Na gode. Na gaya musu inda muke. In sun zo nan, tare za su same mu, tare za su ɗauke mu. In muka gudu, a hanya za su tsinci ɗaya su bar ɗaya."

Ta ɗaure kayansu ƙunshi biyu ta ajiye a bakin ƙofa. Ta zauna a kan turmi, ta kama wuyan hannun Zaituna, suka fuskanci lungu. Duk motar da ta yi ƙara a bakin titi sai ta miƙe, ta ƙara damƙe hannun har yarinyar ta ce, "Inna, da zafi." Kwana ɗaya, kwana uku, mako guda. Ko ban ɗaki za ta shiga, sai Zaituna ta tsaya a bakin ƙofa tana magana don ta riƙa jin muryarta.

Motar ba ta zo ba. Ba ta zo a wannan watan ba, ba ta zo a wannan shekarar ba. Wataƙila mutumin ya tausaya, wataƙila kafin ya kai gida ya manta da ita da gidan burodinta, Allah kaɗai ya sani. Mutanen gidan suka dawo ɗaya-ɗaya, wasu ba su sake gaishe ta ba. Mastura ta huce bayan Babbar Salla, ta ce mata, "To, ai sai ki saki yarinya ta koma makaranta."

Dela ta ce sai wani makon. Wani makon ya zo, ta ce ai mai anini bai ce ya yafe ba, cewa ya yi ba nan ne wurin maganar ba, ke nan akwai wurinta, akwai ranarta. Malamar ta yi aike sau uku, ta gaji ta daina. Dela ta koma karɓar wanki a gida. In za ta kai, tare suke tafiya, jikin bango, hannu a hannu. Zaituna ta yi tsawo ta wuce uwarta, sa'o'inta suka iya rubuta wasiƙa, wasu suka zama malamai, ita karatunta na nan inda ya tsaya ranar. Wani makanike mai suna Saleh ya nemi aurenta, mutumin kirki, amma a Madina aikinsa yake. Zaituna da kanta ta ce masa ya yi haƙuri.

Shekara tara bayan wannan kiɗan ciwon ƙirji ya kwantar da Dela a ɗakin nan na kusa da randa. Ranar da za ta cika, da hantsi, wata motar ruwa ta tsaya a bakin lungu tana ƙugi. Ta buɗe ido a firgice, ta lalubo hannun 'yarta.

"Sun zo?"

"Ba su ba ne, Inna. Mai ruwa ne."

"Kada ki matsa."

"Ina nan."

Ba ta matsa ba. Da matan unguwa suka shigo yi mata wanka, sai da Mastura ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya daga wuyan hannun Zaituna.